Malam Rasmani Da Jan Layin Da Na Ja

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tankaɗe labarin ya same ni. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Balkisa, kin ji mai littattafan nan na bakin lise ya rasu?" Na ce wanne? Ta ce, "Tsohon nan ɗan ƙabilar Mosi, abokin faɗanki."

Malam Rasmani ya rasu.

Na ajiye rariya na zauna a kan turmi, abin da nake hana yara yi.

Ba zan sa hotonsa a nan ba, kun san ni. Kuma don Allah kar a jera mini 'yan fuskokin nan masu hawaye a ƙasa. Wanda ya rasu addu'a yake bukata, a rubuta ta da kalmomi.

Abokin faɗana ne, gaskiya ta faɗa. Ba zan yi ƙarya don mutum ya mutu ba. Kusan shekara ashirin na yi ina sauya hanya don kar in gaishe shi.

Ga waɗanda ba su san shi ba: a shekarun dubu biyu da 'yan kai, lokacin da autata Balkisa ke lise, makarantar sakandare, shi ne mai baza tsofaffin littattafai a ƙasa, ƙarƙashin dogon yaro, daf da ƙofar makarantar. Leda yake shimfiɗawa ya danne gefunanta da duwatsu. Littattafan lissafi, ƙamus marar bango, tsofaffin jaridu. A gefe kuma akwai wani akwatin ƙarfe, cike da littattafan labari na zane-zane da yara ke kira bede, inda ake zana mutum, maganarsa na fitowa daga baki cikin ɗan da'ira.

Wannan akwatin ne ya haɗa ni da shi.

Balkisa tun tana ƙarama ba ta iya ganin farar takarda ta ƙyale. Bayan kalanda, kwalin sukari, takardar buhun siminti. In na aike ta niƙa, sai in same ta tsugune tana zane da tsinke a ƙasa, mutum uku sun sha gabanta a layi. In na sa ta tsaron tukunya, tuwo ya kama.

Ni kuma ba na wasa da tarbiyya. Mahaifinta direban babbar mota ne a hanyar Yamai. Ya rasu a hatsari tana shekara tara, can aka binne shi, ko gawarsa ba mu gani ba. Ni kaɗai na rage mata. Na yi makaranta har na ci birbe, jarrabawar ƙarshen aji huɗu, na san abin da takardar shaida ke yi wa mace. Na ce yarinyar nan sai ta yi karatun da zai riƙe ta, ba zanen mutane masu manyan idanu ba.

Duk farkon shekara in na sayo mata kaye, littattafan rubutun makaranta, sai in zauna in sa wa kowane shafi lamba da hannuna, daga ɗaya har ƙarshe. Ranar Lahadi in duba. In shafi ya ɓace, ta san sauran.

A makaranta ma ba ta samu sauƙi ba. Mazan ajinsu su ƙwace mata zane su ƙara wa mutanenta gemu da wutsiya. 'Yan matan ba abin da suke so sai ta zana musu ɗinkin salla su kai wa tela. Wata rana malamin Faransanci ya ce su rubuto shafi ɗaya a kan ranar kasuwa. Ta rubuto shida. Ya rubuta mata a sama cewa ta fita daga tambaya, ya ba ta bakwai cikin ashirin.

Ta shigo tana huci. "Inna, ko karantawa bai yi ba. Même pas! Ya ƙirga shafukan kawai."

Na ce, "Ya yi daidai. Shafi ɗaya aka ce."

Ku riƙe wannan maganar tawa, zan dawo mata.

Ɗaki ɗaya muke kwana, ba ta da maɓoya. Ƙarƙashin katifa na sani. Cikin fasasshen tulun bayan ɗaki na sani. Amma duk da lambobina zane bai daina fitowa ba, kuma kayenta ko shafi ɗaya bai ragu ba. Na rasa inda take samun takarda.

Ashe Malam Rasmani ne. In ya sayi tsofaffin kaye, sai ya yanke fararen shafukan da suka rage a baya, ya tara, ya ɗinke da allura da zaren buhu, ya yi musu bango da kwali, ya ba ta. Bede kuma ya bar ta ta karanta a wurinsa lokacin hutun rana, da sharaɗin ta wanke hannu. Ɗan bokiti yake ajiyewa don haka kawai.

Ranar da na gane, na ja mayafi na tafi har ƙarƙashin bishiyar.

Na ce, "Kai ne ke lalata mini yarinya?"

Ya miƙe ya turo mini bencinsa. Hausarsa ta 'yan goro ce, a nan Zango, unguwarmu, ya koye ta tun yana yaro. Ya ce, "Hajiya, ina wuni tukuna. Yaya gida, yaya yara?"

Lokacin ko hanyar Makka ban sani ba, amma Hajiya yake ce mini.

"Ban zo gaisuwa ba."

"To zauna ki yi faɗan a inuwa. Ranar nan ba ta da kirki."

Ban zauna ba. Na faɗa masa duk abin da na ƙunso tun daga gida. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yaran da ke tsallake katangar nan su tafi gidan bidiyo ba su tsayawa wurina, Hajiya. Taki tana tsayawa. Ni ina ganinta, ke kuma kin san inda take."

Na ce ya tanadi amsar da zai bayar ranar da za a ce masu zane su hura wa abin da suka zana rai.

Ya ce, "Ni ko kaza ban iya zanawa ba. Ɗinki kawai nake yi."

Ban yi dariya ba.

Da damina zazzaɓi ya kayar da Balkisa a ƙofar makaranta. Shi ya ɗora ta a bayan kekensa, ya turo da ƙafa har Zango, ya bar littattafansa a titi ba mai tsaro, ga hadari ya haɗo. Daga bayan labule na yi masa godiya. Ko ruwa ban miƙa masa ba. Daga baya na ji ruwan sama ya jiƙa masa rabin kaya.

Akwai abin da sai na faɗa kafin in ci gaba, don ku fahimci sauran.

Bayan na fita takaba, na sauke hotunan mahaifin Balkisa guda biyu da ke bango na sa a murhu. Na ji a wa'azi cewa mala'ikun rahama ba su shiga gidan da ke da hoto, ni kuma gidan marayu nake riƙe da shi, na fi kowa bukatarsu. Balkisa na makaranta lokacin. Da ta dawo ta kalli bangon, ta kalle ni.

A islamiyyar mata kuma an koya mana cewa in hoto ya zama dole, ba yadda za a raba shi da gida, to a ja layi a wuyansa, a raba kai da gangar jiki, ya tashi daga siffar mai rai. Duk macen Zango sa'ata ta san wannan. Muna yi wa kalanda, muna yi wa littattafan karatun yara, har gwangwanin madara.

Shekarar da za ta yi birbe, sakamakon zangon farko ya fito, lissafi shida cikin ashirin. Sati bai cika ba mai kula da ɗa'a na makarantar ya aiko in zo. An kama ta tana zane a ajin lissafi. Ya miƙo mini abin da aka ƙwace: kaye mai kauri, ɗinkin zaren buhu, bangon kwali.

A hanya na yanke shawara. Na ce wannan karon ba zan ƙona ba, zan yi mata adalci. Zan gyara mata shi ya zama abin da zai iya kwana a gidan Musulmi.

Na isa gida tana aji. Na ɗauki jan bik, wato biro. Shafi bayan shafi. Mota in tsallake, bishiya in tsallake, mutum in ja. Ban karanta ko kalma ɗaya ba, ni da nake alfahari da Faransancina. Fuska ma ban duba ba, wuya kawai nake nema. Na dai lura akwai wani namiji da ke ta dawowa a kowane shafi, wani shafin sau biyar, sau shida. Shi ya fi shan layi.

Sai da yatsuna suka sage. Na ajiye mata a kan tabarma, ina jin na kyauta.

Ta dawo bayan la'asar. Ta buɗe. Ta juya shafi uku, huɗu. Ina jiran kuka ko tsiwa, na shirya wa kowanne. Sai ta ɗago kai, a hankali ta ce:

"Inna, kin yanka Baba."

Na karɓa na duba.

Ga wushiryar. Ga hular a ture baya. Ga tabon nan na girar hagu da ƙofar mota ta yi masa.

Kun san abin da na ce? Na ce, "Babanki na kabari, addu'a yake so ba zane ba. Tashi ki ɗora ruwa."

Ta tashi ta ɗora ruwa.

Daga ranar ban sake kama ta da zane ba. Na duba katifa, na duba tulu, babu. Tuwo ya daina kamawa. Ta ci birbe, ta ci bak, jarrabawar gama lise, ta zama ungozoma a garin Bobo. Matan unguwa na ce mini, "Ke kam kin iya tarbiyya." Ina amsawa da alhamdu lillahi.

Kowace Juma'a tana kira. Ina kwana, yaya ƙafar, kin sha magani, a gai da mutanen gida. Minti biyu. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ba ta kuma sake nuna mini wani abu nata ba, ko da sabon zani ne. Sunan da ta zaɓa wa ɗanta na fari a bakin mijinta na ji.

Kayen ban sake ganinsa ba, na ɗauka ta jefa shi a masai. Laifin kuma duk na ɗora wa Malam Rasmani. Na ce da bai ɗinka takarda ba, da ba a yi zane ba, da ban ja layi ba. Sau ɗaya ya zo ƙofar gidanmu ya yi sallama har uku. Na ce a ce ba na nan.

Haɗuwarmu ta ƙarshe kafin azumin bara ce, a kasuwar Tampouy, inda ya koma da shimfiɗarsa tun da daɗewa. Ya tsufa, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya. Ina cinikin albasa ya gane muryata.

"Hajiya mai faɗa. Yanzu dai kin je Makkan?"

Ba hanyar kaucewa. Na ce, "Na je."

"To madalla, sunan ya zauna. Ni na fara kiran ki da shi, ko dabino ban gani ba."

Na ce Allah Ya ba da haƙuri, na ɗauki ledata. Sai ya rage murya ya ce, "Kayanki na wurina. Na kusa gamawa, idon ne ya ƙi."

"Ba ni da kaya wurinka."

"Kina da shi. Ki zo gida ki sha ruwa, matata Azeta za ta ji daɗi."

Na ce in sha Allahu, irin wanda ake faɗa don a rabu. Allah Ya yafe mini.

Yau na je gidan, bayan azahar, maza sun dawo daga maƙabarta. Ban taɓa ganin Azeta matarsa ba. Na durƙusa na yi mata gaisuwa da More, yaren Mosi, na faɗi ko ni wace ce. Ta kalle ni ta ce, "Ke ce Maman Balkisa?" Ta tashi daga cikin mata ta ja ni ɗaki.

Akwatin ƙarfen nan na nan. Ta buɗe, ta ciro wani abu a naɗe cikin baƙar leda.

"Ya ce in kin zo a ba ki. In ba ki zo ba, kar a haɗa shi da takardun da za a sayar wa masu ƙosai."

Kayen ne.

Na buɗe shafin farko, babu jan layi. Na biyu babu. Na uku babu. Na kai shi bakin taga na duba da kyau. Blanko ne, farin ruwan nan na goge rubutu. Ya bi kowane layi ya rufe, sannan ya sa baƙin bik ya mayar da wuyan, 'yan layuka biyu, ɗaya nan ɗaya can. Mutumin da ko kaza bai iya zanawa ba.

Azeta ta ce da tsinken tsintsiya yake yi, don burushin kwalbar ya yi faɗi. Ta ce washegarin abin Balkisa ta kai masa ta ce ya ba masu ƙosai. Ya karɓa ya sa a akwati. In kasuwa ta yi sanyi ya ɗauko ya yi wuya biyu, uku. Wani lokaci ya yi shekara bai taɓa ba, sai kuma ya tuna. Shafukan farko tsaf suke. Na baya-baya hannun ya fara kaucewa, wani wurin farin ya hau haɓa, wani wurin ya bar ɗan ja a gefe.

Ta kuma faɗa mini abin da ban taɓa sani ba. Ya san maigidana. Maigidan nawa ne ke ɗauko masa kwalayen tsofaffin littattafai daga Yamai a bayan kujerar mota. Malam Rasmanin Balkisa ke tambaya: kunnuwansa fa, yaya suke? In ya yi dariya idonsa na rufewa? Ta zana ta nuna masa, ya ce hancin ya yi tsawo, rage. Ta goge ta sake. Haka suka haɗa fuskar, marainiya da mai sayar da littattafai, a bakin titi.

Ni da na yi shekara goma sha bakwai ina kallon fuskar nan, ba wanda ya yi tunanin ya tambaye ni. Kuma sun yi daidai.

Na ƙirga. Saura shafi goma sha ɗaya. Jan layina na nan a kansu, ko dusashewa bai yi ba.

Da na dawo gida na zauna na karanta. Labarin direba ne a hanyar Yamai, yana tsayawa gari-gari yana sayen tsaraba, nan kilishi, can 'yan kunne, zai koma gida wurin 'yarsa. Taya ta fashe masa, gada ta karye, 'yan sanda sun tsare shi, duk yana wucewa. Akwai matarsa ma a ciki, kullum da ludayi a hannu tana faɗa. A wani shafi ya saya mata turare ya ce, "Faɗanta ma na yi kewa."

Ba ta kai ga dawowarsa ba. Shafukan ƙarshe farare ne.

Ban zo nan in ce zanen mai rai ya halatta ba. Wannan na malamai ne, kuma abin da na koya ina nan a kansa. Amma malamin da ya koya mana jan layi bai ce a ja ba a duba ba. Wannan nawa ne. Na ce malamin Faransanci ya yi daidai da bai karanta shafi shida ba, ni kuma na ƙi karanta casa'in.

Ku iyaye mata, musamman ku matasa da nake gani kuna yi wa yara tsawa idonku na kan waya. In kun kama takarda a hannun yaro, ku zauna ku karanta har ƙarshe. Hukuncin ba gudu zai yi ba, yana nan yana jiran ku.

Yau ba Juma'a ba ce, amma na kira ta.

"Inna, lafiya?"

Na faɗa mata rasuwar. Ta ce, "Tonton," wato kawu, yadda take kiransa. Shi ke nan.

Na faɗa mata batun kayen, da tsinken tsintsiya, da komai. Na ce, "Na tsaya a kanti na sayo blanko. Saura shafi goma sha ɗaya. Zan ƙarasa."

Na duba wayar ko kiran ya yanke, sai na ji muryarta.

"Kin karanta?"

"Na karanta. Sau biyu."

"Faransancin cike yake da kurakurai."

"Na gani. Ban taɓa su ba."

Na ji ta ja numfashi, ban sani ba ko dariya ce ko kuka.

"Layin ma kar ki taɓa, Inna. Hannunki na rawa, za ki shafe masa fuska. Ki jira ni."

"Yaushe?"

"Ban sani ba. Ina da aiki satin nan. Ki dai jira."

Ban ce ta yafe mini ba. Ban ma roƙa ba. Na shirya maganar tun a hanya, da ta zo bakina sai na ji ina tambayarta ko yaron ya warke daga tari.

Kwalbar na nan kan taga ban buɗe ba. Kayen na cikin ledarsa. Ni da ban taɓa iya jiran kowa ba, zan jira.

Malam Rasmani, ban ba ka ruwa ba ranar da ka kawo mini 'yata. Ban amsa sallamarka ba. Yau na sha ruwan gidanka, ba ka nan.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Rasmani. Ka haskaka kabarinsa, Ka mayar masa da ganinsa a Aljanna. Ka rufe kurakuransa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya zauna a bakin titi yana rufe nawa. Ka ba Azeta da 'ya'yansa haƙuri. Ka jiƙan mahaifin Balkisa, da iyayenmu, da duk Musulmin da suka riga mu.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙon ya yi wa Malam Rasmani Ƙulhuwallahu ƙafa uku kafin ya wuce gaba. In da saura, ku sa ni a ciki: Allah Ya kawo Balkisa ina da rai, idona na gani.